Lamba Takwas, Ɗan Talatu

Litinin, 4 ga Oktoba 1976, ƙarfe biyar na yamma

Ƙafata ta dama tana cikin filasta daga cinya har idon sawu, kuma ni na jawo wa kaina. Gara in rubuta haka tun yau, kada gobe in ɗora wa wani.

Kwananmu uku a Landan. Da safe na kwashi yaran Taurarin Masaƙa muka tafi filin Peckham Rye motsa jiki. Ana ruwa, irin na garin nan, ba ya zuba ba ya ɗaukewa, sai dai ya riƙa tofa maka yawu a fuska. Na ga yaran suna taɓa ƙwallo kamar masu tsoron ta fashe. Raina ya ɓaci, na ce a miƙo nan in nuna musu yadda muke yi a zamaninmu.

Katung, mataimakina, wanda ya tsare mana raga shekara tara lokacin da nake bugawa, ya ce, "Maharazu, shekararka arba'in da uku, kuma takalmin Kaduna ne a ƙafarka."

Na ce masa takalmin nan ya ci ƙwallon da shi bai iya ƙirgawa. Gaskiya ne kuwa. Abin da na manta, a kan busasshiyar ƙasa ya ci su, ƙusoshinsa sun siɗe kamar haƙoran tsohuwa, ciyawar nan kuwa a kan taɓo take zaune. Na ja baya taku biyar, na taho da gudu. Ƙwallo tana nan inda take, ni ne na tashi sama. Da na sauko gwiwa ta ce ƙas.

Yara goma sha takwas sun ga yadda muke yi a zamaninmu.

Lamba Takwas ne ya goya ni har bakin titi. Wato ɗan Talatu na fari. Talatu matata ce, sauran lissafin ba sai na yi ba. Bai yi dariya ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi, don da na sami abin yi masa faɗa.

Laraba, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Ruwa.

Alhaji Lawal, jami'in da kamfanin masaƙa mai kulob ɗin ya haɗo mu da shi don ya riƙe fasfo da jaka, ya leƙo ɗakina na minti biyu. Ya ce, "Sannu Manaja, ya ƙafa?" Kafin in amsa ya nuna mini agogon da ya sayo a Oxford Street. Tun da kuɗin fetur ya shigo, kamfanin da a bara ya ce mu riƙa wanke riguna da kanmu shi ne ya ɗebo mu a jirgi, mako huɗu, wasa uku, wai mu koyo ƙwallon Turawa. Alhaji bai san ko ƙwallo zagaye take ko mai kusurwa huɗu ba. Akwatinsa ya kai biyar.

Ina kwance a gidan hayar nan na Camberwell ina kallon silin, sai tunani. Na fara bugawa ba takalmi a Tudun Wada. Na bar makaranta a aji huɗu, malamin lissafi ya yi sadaka don murna. Shekara goma sha takwas ina sanye da lamba takwas. In na fito fili mutane su tashi, masu rake su daina ciniki. Da na ajiye takalmi aka ce in zama manaja, na ɗauka ƙarin girma ne. Ashe manaja shi ne mutumin da ake zaunarwa a benci don a sami wanda za a zaga. In an ci, yara ne suka yi ƙoƙari. In an sha kashi, manaja ne jaki. Shekara takwas ke nan ina jakin.

Asabar, 9 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Wasa na farko, da wani ƙaramin kulob na kudancin Landan. Biyu da biyu.

Kafin hutun rabin lokaci sun zura mana biyu. Yarana suna zamewa kamar awaki a kan siminti. Katung yana ta zungurina da gwiwar hannu: "Sa shi mana. Sa shi." Ban sa shi tun farko ba, kamar kullum. Manajan da ya fara da na gidansa, me zai gaya wa iyayen sauran? Bayan hutu na ce, "Kai, Takwas, tashi."

Ya ci biyu. Ta farko da hagu, daga wajen da'ira. Ta biyu ya yanke mutum uku, golansu ya kwanta dama, ya sa masa a hagu. Turawan da ke tsaye da laima suka yi tafi. Ni na duba agogona.

Bayan wasa suka ba mu shayi da biskit. Wani dattijo mai hular masu farauta da ɗan littafi a hannu ya zo ya zauna kusa da ni. Sunansa Mista Bernard, aikinsa yawon filaye yana nemo wa wani kulob na ƙwararru matasan 'yan wasa. Ya yi mini jajen ƙafa. Ya yi tambaya a kan mutum biyu, Dokas mai lamba bakwai da kuma wani. Na ba shi amsa. Amsar da duk wanda aka haifa a gida aka yi masa tarbiyya zai bayar. Ya rubuta a littafinsa, ya yi godiya, ya tafi.

Shayin ba sukari.

Talata, 12 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Takarda ta zo daga Mista Bernard. Kulob ɗinsu na gayyatar Dokas gwaji na mako biyu, daga ɗaya ga Nuwamba. Dokas kaɗai.

Na sa Katung ya sake karantawa, ko ya tsallake layi. Ya juya bayan takardar ya nuna mini fari fat.

Dokas yaron kirki ne, Allah ya ba shi sa'a, amma ranar Asabar sau nawa ya taɓa ƙwallo? Wannan Bature makaho ne? Yana tsaye da idonsa biyu har da tabarau, an ci biyu a gabansa, ya tafi ya ɗauki wanda ya yini yana share taɓo daga gwiwa. Waɗannan ne aka ce mu zo mu koya a wurinsu!

Katung ya ninke takardar. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa mai bugun fenariti.

Laraba, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Kujera ɗaya ba kowa a teburin abinci, safe da rana. Ban tambaya ba.

Alhamis, 14 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Katung ya shigo ya rufe ƙofa, ya ɗauke sandunana ya ajiye can bayan kabad inda hannuna ba ya kai.

Na ce, "Kai arnen Kagoro, ba ni ƙafafuna."

Ya ce, "Sai ka ji ni tukuna, Bahaushen banza. Me ka gaya wa Baturen nan a kan yaron?"

Na ce abin da ya kamata.

Ya ce, "Dokas yana bayanka da kofin shayi, ya ji komai, kuma ya kasa riƙewa. Ka ce masa, 'That one? Lazy boy. Eat and sleep. No head.' Ko ba haka ka ce ba?"

Na ce to me zan ce? In buɗe baki a gaban baƙo in yabi ɗan fari? A ce Maharazu ya zo Landan ya zubar da kunyarsa a kofin shayi? Ko a gida in aka ce mini yaron nan ya yi ƙoƙari, cewa nake yi wane ƙoƙari, ci da barci ne aikinsa. Kowa ya yi dariya, kowa ya gane. Wa ya taɓa ɗaukar maganar uba a kan ɗan farinsa da gaske?

Ya ce, "Wanda bai san kai ne uban ba. A takarda sunan yaron da Tudun Wada yake ƙarewa, yadda aka rubuta masa a makaranta. Kai kuma Maharazu Garba. Ina Bature zai haɗa? Shi manaja ya tambaya. An tambayi manaja, uba ya amsa."

Na ce ya fita. Ya fita. Ya bar mini sandunan a bayan kabad, sai da na ja gindi kamar mai koyon rarrafe na ɗauko su.

Juma'a, 15 ga Oktoba, da safe

Ban yi laifi ba.

Juma'a, bayan masallaci

A wace ƙasa ce mutum zai faɗi magana a rubuta ta yadda ya faɗa, ba a duba fuskarsa ba?

Asabar, 16 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Huɗu da nema. Ba mu ko ga golansu da kyau ba.

Gadon Takwas a gyare tun jiya, jakarsa ba ta nan. An ce yana Peckham wurin wasu ɗalibai 'yan Zariya. Alhaji Lawal ya zo filin yau, karo na farko, ba don wasa ba, don ya gaya mini a gaban yara cewa mutum ashirin da ɗaya ya sa wa hannu, ashirin da ɗaya zai mayar. Na ce ya ƙirga akwatunansa su cike gurbin. Yara suka sunkuyar da kai suna dariya. Zai kai ƙarata, na sani. Ya kai.

Duk lokacin da ƙwallo ta faɗo tsakiya sai bakina ya buɗe zai ce "Takwas", sai in tuna.

Litinin, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Asibiti, duba filasta. Nas ɗin da ta karɓe ni Scholastica ce, 'yar Kafanchan, shekararta shida a nan. Ita ce ta naɗe ni ranar farko, kuma tun ranar take kirana Baba Mai Tashi Sama.

Ta ce, "Ina dogon saurayin nan da ya kawo ka? Wanda ya tsaya awa uku a baranda ya ƙi zama?"

Na ce ban san ya tsaya awa uku ba.

Ta ce, "Ɗanka ne ko? Goshinku ɗaya."

Na ce ɗan matata ne.

Ta ajiye almakashi ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ku Hausawa! Ɗan fari ne ke nan. Na zauna da ku a Kaduna, na san halinku."

Ban san yadda aka yi ba, na ba ta labarin. Wataƙila don tana riƙe da ƙafata ne, ba hanyar gudu. Da na gama ta daina dariya. Ta ce, "Baba, mutanen nan abin da ka faɗa shi suke rubutawa. In ka ce musu ciwo kaɗan ne, maganin kaɗan za su ba ka, ko da kana mutuwa. Na ga mutanenmu da yawa sun wahala a gadon nan saboda kara."

Na ce ai ba a canza wa mutum hali a shekara arba'in da uku.

Ta ce, "A shekara arba'in da uku ka tashi sama."

Yarinyar ba ta da kunya. Ta ɗaure filastar da kyau dai.

Talata, 19 ga Oktoba, da hantsi

Ni ma ɗan fari ne. Har Malam, mahaifina, ya rasu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Wancan" yake cewa. "Ku kira mini wancan." Ranar da muka ɗauki kofin lardi aka zagaya da ni gari a kafaɗa, na dawo gida ya ce wancan ya je ya ba akuya dusa. Ban ji haushi ba. Na san abin da ke ciki.

Na ce ban ji haushi ba.

To amma ni ba wanda ya zo da littafi ya tambayi Malam.

Laraba, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Ban gaya wa Katung ba. Bas biyu, na farkon ma ba nawa ba ne, sai da ya kai ni wata unguwa mai yawan makabarta kwandasta ya sauko da ni. Sanduna suna zamewa, rigar ruwa ta Alhaji da na ara ba izini tana jan ƙasa.

Mista Bernard yana wani ɗan ofis a ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo, da hita a gabansa. Ya ba ni kujera. Tun a bas na shirya maganata da Turanci, na jera ta tsaf, na maimaita har wata tsohuwa ta canza wurin zama.

Ya ce me ke tafe da ni.

Na ce maganar lamba takwas ce.

Ya ce a'a, kada in damu, ya gode da na gaya masa gaskiya. Manajoji da yawa suna ɓoye halin yaransu don su rabu da su. Ya ce ƙafar yaron ta burge shi ƙwarai, amma ya shekara talatin a aikin nan, ya ga masu ƙafa da yawa da lalaci ya kashe, kuma ba wanda ya san ɗan wasa kamar manajansa.

Nan ne wurin da zan yi magana. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "He is not too bad."

Ya ce, "Not too bad," ya gyaɗa kai, ya ce ina da kirki. Ya raka ni har ƙofa. Ya ce ranar Asabar zai zo wasanmu na ƙarshe ya ƙara duba Dokas.

Bas biyu, ruwa, gwiwa ɗaya, don in ce ba laifi. A hanyar dawowa na zagi kwandasta da Hausa, ya ce mini thank you.

Alhamis, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Ruwa. Ban yi magana da kowa ba. Dokas ya kawo mini abinci ɗaki yana ta ba ni haƙuri, wai da ya sani da ya yi shiru. Na ce ya tafi, ba shi ya yi ba.

Na rubuta "ba shi ya yi ba". To wa ya yi?

Juma'a, 22 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Flat ɗin ɗaliban yana hawa na uku, ba lif. Matakala arba'in da biyu, na ƙirga su da hammatana. Wani mai gilashi ya buɗe, ya ga filasta, ya ce, "Lallai kai ne," ya kauce.

Takwas yana zaune a ƙasa yana shafa wa takalminsa mai. Ya sa masa sababbin ƙusoshi, dogaye, irin na taɓo. Da ya gan ni ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ya ƙafa?"

Na ce da sauƙi. Na ce gobe akwai wasa ƙarfe uku.

Ya ce, "Na sani, Manaja."

Na ce da shi za a fara.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mai ci da barci zai iya minti casa'in?"

Shekara ashirin da ɗaya bai taɓa mayar mini da magana ba. Jinina ya hau, na ɗaga sanda, sai na tuna in na ɗaga ta faɗuwa zan yi. Na mayar da ita ƙasa.

Ya ce, "Baba, a gida in ka faɗa ina dariya tare da kowa. Na san yadda ake yi. Amma wannan mutumin daga nesa ya zo, sau ɗaya zai tambaya. Kai ma ka buga ƙwallo. Ka san sau nawa ake tambaya."

Na san sau nawa. Ni ba a taɓa tambaya a kaina ba ko sau ɗaya, zamaninmu jirgi bai san hanyar Tudun Wada ba.

Na ce, "Kai, ƙarfe uku." Na juya. Ya bi ni a baya har ƙasa, matakala arba'in da biyu, hannunsa a buɗe kusa da bayana bai taɓa ni ba.

Asabar, 23 ga Oktoba, ƙarfe bakwai saura na yamma

Takwas ya zo. Katung ya cike takardar sunaye kamar kullum. Shekara uku ke nan, tun da yaron ya shigo kulob, ina cewa rubutuna ne ba kyau.

Rabin farko ya buga da fushi. Ya ƙi ba kowa, ya yi ta harbi daga nesa, ya kwashe ƙafar wani jan Bature har rafali ya rubuta sunansa. Ana cin mu biyu da nema muka tafi hutu.

Mista Bernard ya zo wucewa ta bayan bencinmu, ya taɓa hularsa, ya ce mini ashe yaron har da zafin kai, na yi gaskiya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Katung ya ce ko sanda ban ɗauka ba. Turancina na aji huɗu ya zubo duk a tare, wanda na shirya a bas da wanda ban shirya ba. Na ce masa ƙarya na yi. Na ce yaron nan shi ke fara zuwa fili, shi ke kulle ƙofa. Na ce na buga shekara goma sha takwas, ana kiran sunana daga Kaduna har Jos, kuma abin da yaron nan yake yi da ƙafar hagu ban taɓa yin sa da dama ba. Na ce, "He is my son. First one."

A gaban yara. A gaban Alhaji Lawal. Kunnuwana kamar an zuba musu barkono.

Baturen ya cire tabarau ya goge. Ya ce to me ya sa na faɗi abin da na faɗa? Na ce a ƙasarmu ba ma faɗa. Ya ce ba ma faɗin me? Na rasa Turancin.

Sai ya ce mako biyu da suka wuce ya yarda da maganar manaja. Yanzu kuma uba ne ke magana, kuma duk Asabar iyaye suna tare shi su gaya masa irin wannan.

Ka ji! Na kushe, ya yarda. Na yaba, ya ce son kai ne. Da ina da ƙafa biyu da yau an kwana da ni a ofishin 'yan sanda.

Katung ne ya shiga tsakani, da Turancinsa na mishan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, iyayen da kake faɗa ka tambaye su sunan 'ya'yansu, za su gaya maka har da na kakanni. Wannan ka tambaye shi sunan yaron ka gani."

Baturen ya dube ni. Ya ce, mene ne sunansa?

Na dubi takalmina guda ɗaya.

Katung ya ce, "Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Abin da ya gaya maka yanzu, ko uwar yaron bai taɓa gaya wa ba."

Yaron yana can gefen fili da lemo a baki, ya ba mu baya. Ban san ko ya ji ba.

Rabi na biyu ya ci ɗaya, ya ba Dokas ɗaya a ƙafa ba gola a gabansa. Uku da biyu aka cinye mu. Da na waiga Baturen ya tafi.

Litinin, 25 ga Oktoba, da safe

Mai kawo wasiƙu ya wuce. Ba komai.

Talata, 26 ga Oktoba, da safe

Ba komai. Alhaji Lawal ya gano rigar ruwansa. Yara sun daina kallona a ido, kamar waɗanda suka gan ni ba wando.

Laraba, 27 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Takarda ta zo. Kwana uku. Gurbin mako biyu an riga an ba Dokas, ba za a janye ba, amma lamba takwas zai iya zuwa ranar Litinin ya yi kwana uku tare da su, su gani.

Dokas kwana goma sha huɗu, shi uku. Sha ɗayan da suka ɓace a kofin shayina suke.

Katung ya ce in gode wa Allah. Na gode. Amma ina jin haushi, kuma na duba ɗakin nan kaf ban ga wanda zan ji haushinsa ba sai mai filasta.

Alhamis, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Katung ya kai Dokas da Takwas ofishin shige da fice na Croydon an ƙara musu kwanakin biza. Sai da na yi rantsuwa zan zauna a kan babban akwatin Alhaji har jirgi ya tashi kafin ya fito da fasfo biyun. Akwatunan sun kai tara. Za mu koma mu goma sha tara, ya je ya yi wa kamfani bayani, ni ma zan yi nawa in sun bar ni da aikin.

Juma'a, 29 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na tambayi Katung ko yaron ya san abin da na ce ranar Asabar. Ya ce ya gaya masa a jirgin ƙasa, kalma da kalma, har da ƙafar hagu.

Na ce me ya ce?

Katung ya yi ta gyaran igiyar takalmi.

Na ce, "Arne, faɗa mini."

Ya ce, "Cewa ya yi: ashe Baba ya iya faɗa. Bature ya ji, Alhaji Lawal ya ji, ni ne dai ban ji ba."

Asabar, 30 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Motar filin jirgi za ta zo ƙarfe goma. Yaron ya aiko cewa zai zo tara da rabi ya sauko mini da akwati. Bayan nan ban san yaushe ba. In sun ɗauke shi, sai dai a wasiƙa. In ba su ɗauke shi ba, zai dawo Kaduna ya zauna a bencina yana sanin dalili.

Ruwa ya ɗauke, yau da za mu tafi. Garin munafukai.

Na san abin da zan yi in ya shigo. Zan ce, "Kai, ka riƙa cin abinci, ka sa rigar sanyi." Ya ce to, Baba. Shi ke nan a rabu lafiya, kowa da mutuncinsa. Haka Malam ya yi mini, haka aka yi wa Malam.

Tun asuba nake gwadawa a gaban madubin wanka. Bakin yana zuwa daidai wurin sai ya tsaya, kamar gwiwar nan. Mai gidan ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko lafiya.

Bari in fara da hannu, tunda rubutun nawa ba shi da laifin da nake ɗora masa.

Abdulƙadir.

Ga shi nan. Silin bai faɗo ba.

Abdulƙadir, ka fi ni.

Wannan takarda ce, ba ta da kunne. Yaron ne yake bi na bashi, kuma da baki za a biya. Saura awa ɗaya da rabi.